MASASSARAR YARO: ABIN DA AKE YI A GIDA, DA ABIN DA BA YA JIRAN SAFIYA



'Yan uwa magidanta da iyayen gida na Kajiji, Shagari, Bodinga da kewaye, barkanmu da wannan lokaci. Darasinmu na yau a kan masassarar yara ne, wato zazzaɓi. Yana da ɗan tsawo, don haka a karanta a natse. A kuma karanta wa kakanni, domin a gidaje da yawa su ke da ta cewa in jika ya kwanta.

Daga tsakiyar damina zuwa kaka, watau Agusta zuwa Oktoba, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da yaro kwance da zafin jiki ba. Ruwa ya kwanta a kududdufai da fadamu, gero ya rufe bayan gida, sauro ya samu wurin zama. Wasu su ce tumu ne yaron ya ci, wasu su ce rana ce ta buge shi, wasu su ce haƙori ne. Galibin yaran nan suna tashi, alhamdu lillahi. Amma akwai waɗanda ake rasawa alhali maganin ciwonsu yana nan kusa, kuma ba shi da tsada. Abin da ya shiga tsakani kalma ɗaya ce da duk muka sani: "Bari mu gani zuwa gobe." Goben nan sai ta zama jibi, jibi ta zama gata.

To ga abin da muke so ku riƙe. Masassara ɗan aike ce, jiki ne ke faɗa muku akwai abin da ya shige shi. Aikinku a gida shi ne ku sanyaya yaro, ku shayar da shi, ku sa masa ido. Gano abin da ya aiko ɗan aiken kuwa aikin asibiti ne, kuma a ƙasarmu ta sauro bai kamata ya wuce awa 24 ba.

*ABIN DA SUNNA TA KOYAR*

Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Nana A'isha da Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa Manzon Allah (SAW) ya danganta zafin masassara da hucin Jahannama, ya kuma yi umarni a sanyaya ta da ruwa. Asma'u 'yar Abubakar, in an kawo mata mace mai masassara, takan zuba mata ruwa ta wuyan riga. A Sahihu Muslim kuma ya hana Ummu Sa'ib zagin masassara, ya sanar da ita tana kankare zunubai. Don haka uwa, kada ki tsine wa ciwon, kada kuma ki ɗora wa kanki laifi. Haƙurinki a daren nan yana rubuce.

Ibnul Ƙayyim, a Zadul Ma'ad, ya yi wani bayani mai amfani gare mu. Ya nuna cewa masassara iri-iri ce, kuma wadda ta fi yawa a ƙasar Hijaz ita ce ta zafin rana, wadda ruwa ke kwantar da ita. Ke nan ruwa yana rage zafi, amma in akwai ƙwayar cuta a jini, tana nan tana aikinta ko da goshin yaro ya yi sanyi. Shi ya sa dole a haɗa wannan hadisi da ɗan uwansa na Usama ɗan Sharik, inda Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da neman magani.

Wannan ba baƙon karatu ba ne a ƙasarmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a nan Bodinga lokacin da Shehu yake Sifawa, ya rubuta Masalihul Insan a kan gyaran addini da na jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Magabatanmu sun ɗauki neman lafiya a matsayin ilimi, mu ma haka ya kamata mu ɗauke shi.

*A FARA DA AWO*

Tafin hannu yana yaudara, musamman hannun da ya fito daga wanke-wanke ko daga bakin murhu. Ku sayi ma'aunin zafin jiki, irin mai nuna lamba, ku ajiye. A sa shi can cikin hammata, a matse hannun yaro a jikinsa har ya yi ƙara. In ya nuna digiri 37.5 ko sama da haka, masassara ce. In babu ma'auni, ki sa bayan hannunki a cikinsa ko ƙirjinsa, ki gwada da jikinki.

Amma lamba ba ita ce komai ba. Yaron da ya kai 39 yana shan nono, yana kallonki, yana kuka da ƙarfi, ya fi sauƙi a kan wanda yake 38 ya yi laƙwas ba ya ko ɗaga ido. Ki dubi yaron fiye da yadda kike duban ma'aunin.

*ABIN DA ZA KI YI A ƊAKI*

Uwargida, da kin ji jikinsa ya yi zafi:

1. Ki rage masa kaya. Riga ɗaya marar nauyi ta isa. Lulluɓe shi da bargo da zani uku "don ya yi zufa" ƙara masa wuta ne. In yana rawar sanyi, ki rufa masa zani ɗaya, da ta lafa ki yaye.

2. Ki fitar da shi daga ɗakin da kwano ya gasa, ki kai shi inuwa mai iska. In dare ne, ko a tsakar gida ne, ya kwana cikin gidan sauro.

3. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwa mai ɗan ɗumi, wanda in kin sa gwiwar hannunki ba ki ji zafi ko sanyi ba. Ki goga masa a goshi, wuya, hammata da matsematsi. Banda ruwan randa mai sanyi, banda ƙanƙara. Ruwan sanyi yana sa jijiyoyin fata su tsuke, yaro ya kama kyarma, zafin ya koma ciki. In ya fara kyarma ko yana ta ihu, ki dakata.

4. Ki shayar da shi. Zafin jiki yana ƙone ruwan jiki, kuma ƙarancin ruwa shi kansa yana galabaitar da yaro. Wanda bai kai wata 6 ba, nono kawai, amma a yawaita, dare da rana. Wanda ya wuce wata 6, nono da tsabtataccen ruwa, kunu, koko, romo, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ki lura da fitsarinsa. In ya yini bai jiƙa zani ba, ko yana kuka ba hawaye, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

5. In akwai gudawa, ki haɗa masa ORS da daidai ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, abin da ya kwana ya yini a zubar. A haɗa da ƙwayar zinc kullum har kwana 10, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba.

6. Kada ki hana shi abinci. Ba zai ci da yawa ba, amma ko cokali uku ne a lallaɓa shi ya karɓa. Yaro mai maleriya sukarin jininsa yana saurin faɗuwa in ya daɗe da yunwa.

*FARASITAMOL: NAWA, KUMA SAU NAWA?*

Farasitamol yana rage zafi da ciwon jiki, yaro ya samu ya sha nono ya yi barci. Ba ya kashe ƙwayar maleriya ko ta wani ciwo. Ana ba da shi in zafin ya kai 38.5, ko in yaron yana cikin wahala.

Da nauyi ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo. Ga na ruwa wanda aka rubuta 120mg/5ml ko 125mg/5ml a kwalbarsa:

Wata 3 zuwa 5: 2.5ml
Wata 6 zuwa 23: 5ml
Shekara 2 zuwa 4: 7.5ml
Shekara 4 zuwa 6: 10ml

A bar awa 6 tsakani, kada ya wuce sau 4 a yini da kwana. Yaro mai rama ƙwarai a bi nauyinsa, kada a bi shekarunsa. A auna da murfin awo ko sirinjin da ya zo da maganin, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Akwai kuma na ɗigawa na jarirai, wanda ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, shi sai a bi abin da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Ku kula, yawancin magungunan mura da na haƙori akwai farasitamol a cikinsu. In kun haɗa biyu kun ninka, kuma yawansa hanta yake lalatawa.

*ABUBUWAN DA BA A BA YARO*

Asfirin, da duk abin da ke ɗauke da shi kamar garin Alabukun, ba na yara ba ne. Yana iya jawo wani mugun ciwo mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Kulorokwin ya daina aiki a kan maleriyar ƙasar nan, tun 2005 Najeriya ta sauya shi da magungunan ACT.

Ragowar maganin wansa, "haɗi" na 'yan talla a kasuwa, kafso ja da yalo da ake buɗewa a zuba a kunu, allurar da ake yi ba gwaji: duk a bar su.

Sai maganin haƙori. Fitowar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan ɗumin jiki, amma ba ta kawo masassara mai zafi, ba ta kawo amai da jijjiga. Shekarun fitar haƙori su ne dai shekarun da maleriya ta fi kama yara, shi ya sa ake rikita su. Ku tuna abin da ya faru a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar lalata ƙoda. A 2022 irin wannan guba a cikin magungunan tari ta kashe yara kimanin 70 a Gambiya. Duk kwalbar da za ta shiga bakin ɗanku, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarta, ku saya a wurin da aka sani.

*GWAJI KAFIN MAGANI, CIKIN AWA 24*

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda take kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin yara 22 cikin 100 a faɗin Najeriya, a maƙwabtanmu Kabi kuwa 49 cikin 100. Irin maleriyar da ke yankinmu tana iya rikiɗewa ta zama mai tsanani cikin yini da kwana in ba a yi magani ba. Wannan shi ne dalilin awa 24.

Gwajin ba wuya. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito, kuma ƙananan asibitocin unguwa suna yi. In ya nuna maleriya, za a ba ku ACT. Wanda aka fi bayarwa, irin su Coartem, sau 6 ake shan shi cikin kwana 3: na farko nan take, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma kwana biyu. Yawan ƙwayar ya danganta da nauyin yaro. A ba shi bayan nono, madara ko abinci mai ɗan maiƙo, domin ta haka jiki ya fi karɓarsa. In ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi, a koma a karɓo cikon.

Don Allah a ƙarasa. Yaro yakan miƙe a rana ta biyu, sai uwa ta ɓoye sauran "saboda gaba". Ƙwayar cutar da ta rage za ta farfaɗo, bayan mako biyu a ce maganin asibiti ba ya aiki.

In gwaji ya nuna ba maleriya, kada ku ce na'urar ta yi ƙarya ku wuce kemis. Ku bari a duba kunne, maƙogwaro, ƙirji da fitsari. Sau da yawa mura ce da za ta wuce da kanta, wani lokaci kuma ciwon haƙarƙari ne mai buƙatar nasa magani daban. In kwana 2 zuwa 3 sun wuce zafin bai sauka ba, ko da an fara magani, a koma. Masassarar da ta kai mako ana yinta kullum, sai babban asibiti.

*ALAMOMIN DA BA SA JIRAN SAFIYA*

Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa. Ko ƙarfe biyun dare ne, a nemi abin hawa:

• Jariri ɗan ƙasa da wata 3 da zafin jiki, ko wanda jikinsa ya yi sanyi ƙalau ya ƙi nono. Shi ba a yi masa jinyar gida sam.
• Ya kasa shan nono ko ruwa.
• Duk abin da ya shiga cikinsa sai ya dawo.
• Jijjiga, ko da sau ɗaya ce.
• Barcin da ba a iya tashinsa, ko ya daina gane mutane, ko ya kasa zama alhali da yana zama.
• Wuya ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumburo.
• Numfashi da sauri, ko ƙasan haƙarƙari yana shigewa ciki in ya ja numfashi. Ki ƙirga na minti ɗaya cur lokacin da yake natse: 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa shekara 1, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5.
• Tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, alamar jini ya ƙare.
• Ido ya yi ɗorawa, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi.
• Ƙuraje ko tabon jini a fata waɗanda ba sa ɓacewa in an danna.
• Wuya ya kumbura, da farin abu a maƙogwaro, alamar mashaƙo.

Yaro mai sikila da mai tamowa, duk masassarar da ta kama su ta gaggawa ce, ko ba ɗaya daga cikin alamomin nan.

Ku fara da asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da taimakon farko, su tura ku babban asibiti kamar na Shagari ko Bodinga, ko Sakkwato, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In an ce ku wuce gaba, ku wuce a ranar. Akwai maganin artesunate na matsawa ta dubura da ake sa wa ƙananan yara kafin tafiya. Yana riƙe yaro ne a hanya kawai, ko ya farfaɗo sai an ƙarasa asibiti.

*IN YARO YA FARA JIJJIGA*

Wannan shi ne abin da ya fi firgita gida. Ido ya kafe, jiki ya sandare, haƙora su datse, sai kowa ya rikice. Abin yi kaɗan ne:

A kwantar da shi a kan tabarma ta gefensa, don yawu da amai su fito waje. A kawar da duk abin da zai buge. A sassauta masa riga. A duba agogo.

Kada a cusa masa cokali, tsinke ko yatsa a baki, ba zai haɗiye harshensa ba, sai dai a karya masa haƙori. Kada a ɗura masa ruwa, rubutu, manja ko jiƙo, domin huhu za su wuce. Kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a turara masa hayaƙi, kada a matsa masa albasa a ido. Yara da yawa sun warke daga masassarar amma sun rayu da tabon ƙuna.

Yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 sukan yi jijjiga saboda zafin jiki kawai, kuma irin wannan takan tsaya cikin 'yan mintoci. Amma a gida ba mai iya bambanta ta da maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa ko sanƙarau. Saboda haka da ta lafa a ɗauke shi. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a tafi da shi a haka, yana kwance ta gefe. Masu cewa iska ce ta taɓa shi, ba mu hana ku addu'a ba. Ku yi ta a kan hanya.

*BA KOWACE MASASSARA CE TA SAURO BA*

Daga hunturu zuwa bazara, in ƙura da zafi sun haɗu, lokacin sanƙarau ne. Ba mu manta 1996 ba, shekarar da ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya. Ya dawo a 2017, Zamfara da Sakkwato na cikin jihohin da suka fi jin jiki, aka rasa fiye da mutum 1,000. Masassara da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya a wannan lokaci, awoyi ake ƙirgawa.

Ƙyanda kuma takan fara da zafi, mura, tari da jan ido, bayan kwana uku zuwa huɗu ƙuraje su feso daga fuska. Al'adar ɓoye mai ƙyanda a ɗaki, a hana shi wanka da abinci mai kyau, tana cutarwa. A kai shi a ba shi bitamin A, wanda ke kare masa ido. A riƙa goge masa baki da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri mai ɗumi. Yaron da ƙyanda ko maleriya ta kayar, ga rashin abinci, shi ne ciwon noma ke kamawa, wanda ke farawa da gyambo a dasashi ya cinye kumatu cikin kwanaki. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman saboda wannan ciwo tun 1999. In kin ga dasashi yana jini, baki yana wari, kumatu ya kumbura, kada ki jira.

*TOFI, ZUMA DA HABBATUS SAUDA*

Ruƙya sunna ce. Nana A'isha ta ba da labarin yadda Annabi (SAW) yake karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa a hannu ya shafa, kuma yakan nema wa Hasan da Husaini tsari. Ki karanta Fatiha da waɗannan surori, ki tofa a tafinki, ki shafe ɗanki. Bakin uwa da na uba sun isa, ba sai an biya kowa ba.

Zuma waraka ce, kuma cokali ɗaya da dare yana sauƙaƙa tari ga yaron da ya wuce shekara 1. Wanda bai kai shekara ba kuwa ba a ba shi, domin zuma takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, ta shanye masa jiki. Man habbatus sauda, tazargade, jiƙon darbejiya da sauran sassaƙe-sassaƙe ba su da awon da aka tabbatar ga ƙaramin yaro, kuma hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwari ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba, abincinsa da abin shansa nono ne kawai. Tsaga, sakiya da cire beli ga yaro mai masassara zubar da jinin da yake buƙata ne, ga haɗarin tetanus daga aska.

Malamin da ya ce muku kada ku je asibiti ya saɓa wa umarnin neman magani. Na ƙwarai shi ne zai yi wa yaron addu'a ya ce ku hanzarta.

*MAIGIDA, WANNAN NAKA NE*

Kai ne makiyayin gidanka, kuma hadisin Ibnu Umar ya nuna za a tambaye ka. Sau nawa uwa ta ga ɗanta yana narkewa, amma maigida yana gona, ko kasuwa, ko ya tafi cin rani, waya ba ta shiga, ita kuma ba ta da izinin fita? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau:

Ka faɗa mata da bakinka, a gaban mahaifiyarka in tare kuke: "Duk ranar da yaro ya yi zafi, na yarje miki ki kai shi asibiti, ko ina nan ko ba ni nan."

Ka ware kuɗin gwaji da magani da na hanya, ka damƙa mata. In an sayar da amfanin gona a cire na lafiya kafin na biki.

Ka samu lambar mai mashin ko mai mota biyu da za su ɗaga waya da dare, ka sa mata a wayarta, ka kuma rubuta a bango.

In kana gida, kai ma ka tashi. Uwar da ta kwana biyu ba barci tana iya kuskure awon magani. Ka karɓi yaron ta runtsa, kai ka riƙe lokutan shan maganin.

Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Izinin nan da 'yan kuɗin nan su ne igiyarka.

*KAFIN TA ZO*

Kun san masu bi gida-gida da damina suna ba yara maganin rigakafin maleriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawararsa a 2012 saboda ƙasashe irin namu, kuma a Sakkwato ana yinsa da tallafin ƙungiyar Malaria Consortium. Na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da kimanin kashi uku cikin huɗu. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannunki suke barinsa. Yana da ɗaci, yaro zai yi gardama, amma in ba a cika kwana ukun ba kariyar ba ta cika ba. Yaron da suka tarar da masassara ba a ba shi, gwaji za a tura shi. Kuma ba a ajiye shi don jinya.

Gidan sauro mai magani na kwana ne, kowane dare, har da bazara. Ba na rufe irin albasa ko shingen lambu ba ne. A cike ramukan da ruwa ke kwanciya a bayan gida, a kife tsofaffin tayu da gwangwanaye. A cika allurar rigakafi, musamman ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Allurar rigakafin maleriya ma ta shigo Najeriya, an fara ta a Kabi da Bayelsa a Disambar 2024. Duk ranar da aka ce ta iso asibitinku, ku kai yara.

Yau da dare, kafin ku kwanta, ku duba abu huɗu: ma'aunin zafi, farasitamol na yara da bai lalace ba, ƙunshin ORS, da lambar mai abin hawa. Wanda babu, gobe a nemo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka rasa 'ya'yansu, Allah Ya sa masu ceto ne, Ya ba su haƙuri. Allah Ya raya mana zuri'a bisa Sunna.

A tura wa 'yan uwa, musamman masu goyo.

Wassalamu alaikum warahmatullah.